Tunkuza da angurya: me suke yi wa nonon akuya?

Idan bazara ta kama, ciyawa ta ƙare a daji, nonon awaki sai ya ja baya. Jar akuyar Maradi ma, wadda ta saba haihuwar tagwaye, takan kasa ƙosar da ƴaƴanta, balle a tatsa wa yaran gida. A lokacin ne mata ke neman tunkuza da angurya.

Abin da ke aiki cikinsu, ban da sinadarin gina jiki, shi ne mai. Kusan kashi 1 cikin 5 na angurya mai ne. Tunkuzar da aka matse da hannu ita ma ba ta rasa sauran man gyaɗa. Masu bincike sun lura cewa akuya ta bambanta da saniya a nan. Saniya in aka ba ta mai da hatsi da yawa, maiƙon nononta yakan ragu. Akuya kuwa, galibi ƙaruwa yake. Nono ya yi kauri, mai yin cuku ta ga bambanci.

Amma da iyaka. Cikin tumbin akuya akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke narkar da harawa da kara. Mai in ya yi yawa yana lulluɓe abincin, ya hana su aiki. Sai akuya ta rage ci, nonon da ake nema ya sake raguwa, kuɗi sun tafi a banza. Akuya mai kilo 25 zuwa 30 tana cin wajen kilo 1 na busasshen abinci a yini. Kada man da ke ciki duka ya wuce garam 50 zuwa 60. Angurya garam 150 ta ishe ta. Ku fara da kaɗan, ku gauraya da dussa, ku riƙa ƙarawa cikin mako 2.

Kada ku ba ɗan akuya mai shan nono angurya. Tana da wani dafi da tumbinsa bai iya da shi ba tukuna.

Tunkuzar da ta yi funfuna kuwa, ko an rage muku kuɗinta, ku bar ta a kasuwa. Gubarta tana bi ta cikin nono ta kai ga hantar yaro, kuma tafasawa ba ta kashe ta. Ku ajiye tunkuza a busasshen wuri, bisa katako, nesa da raɓa.