Yadda ake mayar da tsofaffin Vespa da Lambretta baburan tsere a Turai

Duk wanda ya taso a Kano ko Zariya a shekarun 1970 da 1980 ya san Vespa da Lambretta a matsayin abin hawan malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati, masu tafiya a natse da babbar riga. A Ingila da Italiya kuwa, irin waɗannan baburan ne ake fito da su filin tsere, ana kwantar da su a kwana har gefen bodi ya kusa taɓa kwalta.

Gasar ta samo asali tun daga kamfanonin biyu. Piaggio ya fito da Vespa a 1946, Innocenti na birnin Milan ya biyo da Lambretta a 1947. A 1951 Dino Mazzoncini ya yi gudun kilomita 171 a awa da wata Vespa da aka ƙera ta musamman, sai Romolo Ferri ya mayar da martani a shekarar da gudun kilomita 201 a kan Lambretta, a wata babbar hanya ta Jamus. Dukkansu injinan cc 125 ne. An daina ƙera Lambretta a Italiya a farkon shekarun 1970, aka sayar da kayan masana'antar ga Indiya, amma tseren bai mutu ba. Har yanzu ƙungiyar BSSO na shirya gasa a filaye irin su Cadwell Park da Mallory Park.

Ƙara wa inji ƙarfi

Lambretta GP200, wadda ta fito a 1969, ƙarfinta bai wuce na doki 12 ba. Injinta irin mai shan fetur gauraye da baƙin mai ne, kuma irinsa na karɓar gyara sosai. Bakanike zai faɗaɗa ƙofofin da mai ke shiga da waɗanda hayaƙi ke fita a jikin silinda, ya sa babban kafireto, ya cire salansar kamfani ya ɗaura mai tumbi. Wannan tumbin ba ado ba ne. Yana mayar da wani ɓangare na man da ya tsere tare da hayaƙi zuwa cikin silinda kafin ƙofa ta rufe.

Babban sauyi ya zo a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da kamfanin AF Rayspeed na Ingila ya fito da silindar TS1 da Terry Shepherd ya tsara. Ta alminiyam ce, tana saurin fitar da zafi, kuma ta kusa ninka ƙarfin injin. A ɓangaren Vespa, kamfanonin Malossi da Polini da Pinasco na Italiya ne suka yi suna. Yau akwai injinan da ke haura ƙarfin doki 40 a jikin babur mai taya inci 10.

To a nan ne matsala ke tasowa, domin duk wannan ƙarfi sai ya bi ta wata hanya kafin ya kai tayar baya.

Sarƙa ko bel?

Tun daga ƙarshen shekarun 1950, Lambretta na amfani da sarƙa mai layi biyu wadda ke ɓoye cikin akwatin inji. Tana ɗauko juyi daga ƙaramin sifoket na gaba ta kai wa babban da ke jikin kuloci, kuma ita da kulocin da giya duk a cikin mai ɗaya suke wanka. Tsari ne mai ƙarko ga injin da aka yi shi dominsa. Idan ƙarfi ya ninka uku, sarƙa kan miƙe, ƙarfen da ke danne ta kan saki, kuloci mai faranti huɗu ya riƙa zamewa. Idan sarƙa ta tsinke ana cikin gudu tana iya fasa akwatin, ko ta cije tayar baya.

Mafi yawan masu tsere sarƙa mai inganci suke saye, su ƙarfafa madanninta, su ƙara farantan kuloci zuwa biyar ko shida. Wasu kaɗan kuma kan cire ta gaba ɗaya su sa bel mai haƙora, dabarar da aka daɗe ana yi wa tsofaffin baburan Norton da Triumph. Bel ba shi da nauyi, ba ya ƙara, ba ya son mai. Wannan na ƙarshen shi ne wahalar aikin. Dole a toshe tsakanin ɗakin giya da inda bel ɗin zai zauna don kada mai ya taɓa shi, a nemo kulocin da ke aiki a bushe, a buɗe wa iska hanya saboda zafi na cinye roba. Akwatin kuma matsattse ne, ba ya ɗaukar bel mai faɗi.

Akwai wata asarar da ba a cika lura da ita ba. Mai sarƙa na iya sauya sifoket gwargwadon filin da zai yi tsere: Li150 ta zo da haƙora 15 a gaba da 46 a baya, GP200 kuma 18 da 47, kuma akwai wasu da dama a kasuwa. Mai bel sai ya sa an ƙera masa sababbin faya-fayai, ya nemo bel mai tsawon da ya yi daidai, domin tazarar da ke tsakanin gaba da baya ba ta motsi. Ga mai tseren miƙaƙƙiyar hanya ta mita 400, kamar yadda ake yi a Santa Pod, ɗan ragin nauyin na iya biyan kuɗin wahalar. Ga mai zagaya fili sau da dama, abin da kamar wuya.

Vespa ba ta cikin wannan muhawara. Corradino D'Ascanio, injiniyan jiragen sama da ya zana ta, ba ya ƙaunar sarƙa saboda dattinta, don haka ya sa haƙoran giya su kai juyi ga taya kai tsaye.

Dashen sabon inji

Hanya ta biyu ta fi tsauri: a sauke tsohon inji dungurungum a dasa na zamani marar giya, irin na Gilera Runner ko Italjet Dragster mai cc 180. Shi ma bel ke tafiyar da shi, amma yana gudana ne tsakanin faya-fayai biyu masu buɗewa da matsewa da kansu. Injin da aka sa wa salansa mai tumbi yana ba da cikakken ƙarfinsa ne a wani taƙaitaccen zango na juyi kawai, kuma duk lokacin da mahayi ya murɗa hannun hagu don sauya giya yakan fita daga zangon. Bel mai sauya kansa yana riƙe inji a wurin tun daga tashi har ƙarshe. Ana daidaita shi ta hanyar sauya nauyin wasu 'yan dunƙulallun rola da ke cikin faifan gaba. Frank Sanderson da Paul Melici, waɗanda suka kafa Scomadi a Ingila, na cikin waɗanda suka shahara da haɗa siffar Lambretta da injin zamani.

Masu shirya gasa kan ware masu giya daban, marasa giya daban, kuma ba kowa ke kallon na biyun a matsayin Lambretta ba. Ƙorafin nasu na da tushe. Kafin sabon inji ya zauna sai an yanke firam an yi walda, kuma firam ɗin da Innocenti ya ƙera ba a sake yin wani. Irin su TV175 da SX200 sun yi tsadar da yanka su tamkar ƙona kuɗi ne, shi ya sa masu wannan aiki suka fi neman firam ɗin Indiya ko na Sifen, ko wanda tsatsa ta riga ta ci.

Kowace hanya mutum ya bi, sauran kashe kuɗi na jiransa. Birkin da aka yi domin gudun kilomita 100 ba zai tsayar da mai gudun 160 ba, sai an sa na faifai mai aiki da mai. Tsohon rim mai rabuwa biyu kuma, wanda ke sakin iska lokaci guda idan tiyub ya fashe, yawancin masu gudu sun maye gurbinsa da wanda ba ya amfani da tiyub.