Kan jirgin ƙasa mai aiki da wuta da ruwa

Yara da yawa na Maraɗi da Damagaram da Tawa ba su taɓa ganin jirgin ƙasa ba, sai a hoto. Amma kakanninsu sun san shi. Gyaɗar da suka noma, wadda wasu ke kira gujiya, shi ne ya yi ta ɗaukar ta zuwa bakin teku. Jirgin ƙasa taragu ne masu yawa, an ɗaura su a jere bisa hanyar ƙarfe da ake kira dogo. Taragun ba sa tafiya da kansu. Akwai inji guda a gaba mai jan su duka. Shi ake ce wa kan jirgi.

Yadda yake aiki

In uwar gida ta ɗora tukunya bisa murhu, ruwa ya tafasa, sai marufi ya soma rawa. Tururi ne ke tura shi, yana neman hanyar fita. Da wannan ƙarfi ne kan jirgi na dā yake tafiya.

Cikinsa akwai babbar tukunya ta ƙarfe, doguwa, a kwance, cike da ruwa. A bayanta akwai murhu. Zafin wuta yana bi ta cikin bututu masu yawa da suka ratsa ruwan, ruwan ya tafasa. Tukunyar a rufe take gam, don haka tururi ya taru ya yi ƙarfi. In direba ya buɗe masa hanya, sai ya shiga wani gwangwani mai kauri, ya tura wani faifan ƙarfe gaba, ya sake turo shi baya. An haɗa faifan da ƙafafun jirgi da sandar ƙarfe. Kai da komowar sandar ne ke juya ƙafafun. Tururin da ya gama aiki yana fita ta sama tare da hayaƙi, yana huci kamar zugazugin maƙeri.

Mutum biyu ke tsaye a bayan tukunyar. Direba yana duban hanya, yana busa usur. Mataimakinsa yana zuba gawayi da shebur, yana lura da ruwa. In ruwa ya yi ƙasa ƙwarai, tukunya tana iya fashewa. Saboda haka aka gina manyan tankunan ruwa a tashoshi. Gawayin kuwa ba na itace ba ne, na ƙasa ne, irin wanda ake haƙowa a Anu Araren, kusa da Agadas. Jiragen Nijeriya da na Inugu suka yi aiki.

Daga Ingila zuwa Kano

A Ingila aka ƙago wannan inji. A shekarar 1825 wani kan jirgi mai suna Locomotion, na George Stephenson, ya ja taragun gawayi da na mutane a arewacin ƙasar. A 1829 ɗansa Robert ya ƙera wani mai suna Rocket, wanda ya yi gudun da ya kusa kilometir 50 a awa guda. Mutanen lokacin suka riƙe baki. A 1938 wani mai suna Mallard ya kai kilometir 203 a awa. Har yau babu kan jirgi mai tururi da ya fi shi gudu.

Turawan mulki sun soma shimfiɗa dogon da zai kai ƙasar Hausa a 1907 daga Baro, wani gari a bakin Kwara, kogin nan da ya ratsa Yamai. Da jirgin ruwa aka riƙa kawo ƙarafa da injuna har Baro. Dogo ya isa Kano a 1911, aka kuma haɗa shi da na Ikko. Tsakanin Kano da Ikko akwai fiye da kilometir 1100. Turawa auduga suka sa wa rai, amma manoma suka ga gyaɗa ta fi riba. Buhuna suka yi ta taruwa a Kano suna jiran jirgi, ana jera su sama sama har aka kira su dalar gyaɗa.

Dogo ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, amma bai ƙetaro iyaka ba. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram bisa raƙuma da jakuna ta riƙa zuwa tasha, daga baya bisa manyan motoci. Wata kuma ta bi ta yamma zuwa Faraku, a ƙasar Dahome wadda ake kira Benin yanzu, jirgi ya kai ta Kwatano. A cikin Nijar kanta sai a 2014 aka soma shimfiɗa dogo daga Yamai, ya isa Doso a 2016, amma aikin ya tsaya nan.

Ina suke yanzu?

Kan jirgi mai tururi akwai ci. Cikin kashi 100 na ƙarfin gawayin da ya ƙona, abin da ke kaiwa ga ƙafafu bai kai kashi 10 ba. Kafin ya tashi sai an yi awoyi ana hura wuta. Shi ya sa tun 1955 Nijeriya ta soma sawo masu shan gazuwal. Sannu a hankali tsofaffin suka bar aiki. Da yawa an yayyanka su an sayar da ƙarfen. Wasu tsatsa ta ci su a bayan tasha.

Kaɗan sun tsira. Rocket da Mallard suna gidajen tarihi a Ingila. A gidan tarihi na Jos akwai ƙananan kawunan jirgi na siririn dogon da ya haɗa Zariya da Jos daga 1914 zuwa 1957. A Ebute Meta, cikin Ikko, akwai gidan da aka adana hotuna da kayan aikin reluwe.

Kowane kan jirgi yana da lamba. A jikinsa akwai allon ƙarfe mai sunan maƙerar da ta yi shi da shekarar da aka ƙera shi. Wasu ma suna gare su: wasu daga cikin waɗanda aka kawo Nijeriya daga 1948 sunayen koguna aka sa masu. Da allunan nan da littattafan tasha masana ke gane tarihinsa. Amma allo ba ya faɗin kwana nawa mai raƙumi ya yi daga Tasawa zuwa Kano, ko nawa aka saye buhunsa, ko yadda gabansa ya faɗi ran da ya fara jin usur. Wannan yana bakin tsofaffi. Waɗanda suka gani da idonsu sun ragu. Abin da aka tambaye su aka rubuta, shi zai saura.

Tambayoyi

1. Mi ke juya ƙafafun kan jirgi mai tururi?
2. Don mi aka gina tankunan ruwa a tashoshi?
3. A wace shekara dogo ya isa Kano?
4. Ta waɗanne hanyoyi gyaɗar Nijar ta riƙa kaiwa bakin teku?

Aiki

Ku tambayi wani tsoho na garinku yadda ake kai gyaɗa tasha a zamaninsa. Ku rubuta abin da ya faɗa cikin layi 10, ku karanta wa ƴan ajinku.