Abin da ke wargaza takardar neman aiki kafin ta kai hannun mai dubawa

A shagunan buga takardu na Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai, ba baƙon abu ba ne matashi ya zo da takardar neman aiki ko kundin kammala karatu a waya, a buɗe a kwamfutar shago sai a tarar da komai ya watse: kwanan wata ya sauko ƙasa, sa hannu ya tsallaka wani shafi. Kuɗin bugu sun tafi, wa'adin ajiye takardu kuma yana ƙaratowa.

Galibi laifin ba na na'ura ba ne. Da yawa suna tura rubutu zuwa tsakiya ko dama ta hanyar danna maɓallin tazara sau da dama. Faɗin tazarar kuwa ya dogara ne da samfurin haruffa, don haka da zarar samfurin ya sauya a wata kwamfuta, sai jerin ya rushe.

Manhajar Word tana da hanyoyi 4 na jera rubutu: hagu, tsakiya, dama, da kuma daidaita gefe biyu. A Word na Faransanci, wanda aka fi samu a Nijar, Ctrl da E na kai rubutu tsakiya, Ctrl da J na daidaita gefe biyu. Wasiƙar hukuma ta saba ɗaukar sunan gari da kwanan wata a sama ta dama, bayanan mai wasiƙar kuma ta hagu. Alamar tsayawa da ake sawa a kan ma'aunin saman shafi ita ke riƙe su a layi guda. Sabon babi kuma Ctrl da Entrée ke buɗe masa shafi, ba tarin layukan banza ba. Maɓallin ¶ na tona duk tazarar da ke ɓoye.

Ga waɗanda ke ƙetare akwai ƙarin tarko. Nijar da Turai na amfani da takardar A4, mai santimita 21 a faɗi da 29,7 a tsawo, yayin da ta Amurka da Kanada ta fi faɗi amma ta fi gajarta. Takardar da aka tsara a can tana iya sauya fasali a firintar gida.

Shi ya sa masu sana'ar ke maida aiki PDF kafin aikawa: yadda aka tsara shi, haka zai isa.