Daga Diban Gwamna Zuwa Kuɗin Fansa: Abin da Yaƙi Ya Bari a Bakin Zamfarawa

Lokacin da muke yara a Faru akwai wani dattijo da ba mu san shi da wani suna ba illa Kofur. Yana da gwangwani da yake adana lambobin yabonsa na soja, in ya ga dama ya buɗe mana, ya shiga labarin Bama: ruwan saman da ba ya ɗaukewa, da kurmin da rana ba ta keta shi, da kayan yaƙin da suka riƙa ɗauka a ka suna hawan tsaunuka domin babu hanyar mota. Mu kuwa dariya muke yi. Ya rasu ban rubuta ko kalma ɗaya daga bakinsa ba, abin da har yau nake nadama a matsayina na mai nazarin harshe.

Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu ke kira Yaƙin Hitila, an gwabza shi ne daga 1939 zuwa 1945, kuma ko harsashi ɗaya bai faɗo a ƙasar Zamfara ba. Duk da haka ya shigo har tsakar gida. A lokacin muna cikin Lardin Sakkwato, zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, kuma ta hannun hakimai da dagatai Turawa ke neman samari. Wasu sun tafi don son kaki da albashi, wasu kuwa turawa aka yi. Sojojin Nijeriya na cikin waɗanda suka ƙwace Mogadishu daga hannun Italiya a 1941, daga baya aka kwashe su cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma zuwa Indiya da Bama don fuskantar Japan. Duk mai mamakin inda barikin Chindit na Zariya ko na Arakan a Legas suka samo sunayensu, to daga wannan fage ne.

Amma ni a ganina waɗanda aka bari a gida sun fi cancantar a tuna da su, domin su ba wanda ya rataya musu lamba. Da Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 an kwashi dubban manoma daga lardunan Arewa, har da na Sakkwato, zuwa aikin tilas a ramukan kuza, inda sanyi da cuta da ƙarancin abinci suka hallaka da yawa. Talakawa suka laƙaba wa abin suna diban gwamna. Mai karatu ya dubi kalmar da kyau: hatsi ake ɗiba, ruwa ake ɗiba, sai ga shi an wayi gari mutum ake ɗiba. Gona ta rasa mai noma, gwamnati na karɓar hatsi don ciyar da leburori, gishiri da kananzir da yadi suka yi wuya. Yunwar da ta biyo baya a shekarun nan, a wasu sassa na ƙasar Hausa 'Yar Gusau ake ce mata.

Su kuwa mazan jiya da suka dawo, sun dawo da guzurin kalmomi. Soja da bariki da fareti da farabiti da kofur da saje da kyaftin, wasunsu sun riga yaƙin shigowa, amma bayansa ne suka zama na kowa da kowa. Bahaushe ya yi musu wanka irin nasa: ya mayar da harafin p ya koma f, ya cusa wasali a tsakanin baƙaƙe, har suka zauna daram kamar gadonsu ya yi. A bariki ma aka haifi Barikanci, wato Hausar da ta zubar da jinsi, wadda Bature da Batibi da Bazabarme ke fahimtar juna da ita. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya sake ɗibar samari, ya ƙara yaɗa waɗannan kalmomi, sai dai shi ma a nesa aka yi shi.

To, a nan ne bambancin yake. Masifar da ta dabaibaye Zamfara tun wajen 2011 ba ta bukaci aron kalma ko ɗaya ba, domin a gida take. Kalmominmu na gado ta murɗe. Daji a da wurin itace ne da kiwo, yau in an ce an shiga da mutum daji sai gaban uwa ya faɗi. Garkuwa abin kare kai ce a fagen fama, yau ita ce sunan satar mutane. Fansa da sulhu da haraji duk sun sauya kama, tunda ɗan bindiga ne ke yanka wa ƙauye harajin kafin a bar shi ya yi girbi, wani lokaci ma ya ɗebi magidanta su nome masa gona. Wannan in ba diban gwamna ba ne a sabuwar riga, mene ne?

Shekarar 2021 kaɗai ta isa misali. A Fabrairu aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙasar Talata Mafara, a Agusta aka afka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba kuma aka kwashe ɗalibai 73 a Kaya ta ƙasar Maradun. Gwamnati ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka, aka katse layukan waya. An yi haka ne don a takura wa na daji, amma mai sayar da ƙuli da ɗan acaɓa su suka fara ji a jikinsu.

Hatta sojoji yanzu da Hausa suke raɗa wa farmakinsu suna: Harbin Kunama, Dirar Mikiya, Hadarin Daji, Fansan Yamma. Da gwamnatin jiha ta kafa dakarunta na tsaron al'umma a Janairun 2024, tsohuwar kalmar Larabci ta tono, ta ce Askarawan Zamfara. Sunaye ne masu amo, ba musu. Sai dai har yau ban ga sashen Hausa na wata jami'a da ya ɗauki rikoda ya zauna da matan da suka yi gudun hijira ba, alhali a bakinsu ainihin tarihin yake. Gwangwanin Kofur, na ji an ce, yana hannun wani jikansa da ya baro gonarsa ya koma zaman haya a Talata Mafara.