Bol Biyu Da Ke Riƙe Da Gaban Motar Ƙungiya

Ƙungiyoyinmu da yawa suna da tsohuwar mota guda, a-kori-kura ko ƙaramar bas. Ita ke kawo taki da iri da bazara, ita ke kai masara da waken soya kasuwa da kaka, ita kuma a kan tasa da tsakar dare idan mai haihuwa ta matsu sai an kai ta asibiti. Kuɗin gyaranta daga asusun membobi ya ke fitowa. Saboda haka ya kamata kowane ɗan kwamiti ya san wani abu game da gyaran da a ke yi mata, ko da bai taɓa riƙe sifana ba. A wannan fitowa za mu duba bol guda biyu da ke ƙarƙashin motar, ɗaya dama ɗaya hagu. Ba su da tsada, amma nauyin gaban mota duka a kansu ya ke.

Inda su ke da aikinsu

Ba kowace mota ke da su ba. A-kori-kura ƙirar Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, sifirin mai naɗi gare ta a gaba, sifirin mai falle-falle a baya, babu abin juyawa don ɗaga ta. Amma Datsun 620 da 720, da Toyota Hilux mai ja da ƙafafun baya tun daga ƙirar 1978, da bas ɗin Hiace ƙirar 1989, duk wata doguwar sandar ƙarfe ce ke musu aikin sifirin a gaba. Makanikai suna kiranta toshan ba. Sai wajen 2005 Hilux ta koma ga sifirin mai naɗi.

Ga yadda sandar ke aiki. Bakinta ɗaya yana manne da hannun da ke riƙe ƙafar gaba. Ɗaya bakin yana can baya, wajen ƙarƙashin kujerar direba, a soke cikin wani gajeren hannu na ƙarfe. Idan taya ta hau dutse ko ta faɗa rami, sandar ta kan murɗe kaɗan sa'an nan ta warware, kamar yadda ɗanyen reshe ke yi idan an murɗa shi an saki. Gajeren hannun nan na baya kuwa, wani dogon bol ne ke riƙe shi da casis, da noti biyu a kansa: ɗaya na daidaitawa, ɗaya na kulle. In an ƙara ɗaure notin, sandar ta ƙara murɗewa, gaban mota ya tashi. In an sassauta, ya sauka.

To, ku lura da wannan. Ko mota tana tsaye babu kaya, bol ɗin nan yana cikin ja. Ranar da zarensa ya zame, gefen nan na mota zai faɗi nan take, sitiyari ya fizge wajen. In a bakin gareji ne, asarar kuɗi ce kawai. In kuwa a kan gangare ne da buhuna da mutane a baya, maganar ta wuce kuɗi.

Abin da ke cinye zare

Abu huɗu ne suka fi kashe waɗannan bol.

Na fari, juya noti alhali nauyin mota yana bisa ƙafafunta. Zaren bol ba ya raba nauyi daidai. Zare na fari da ke cikin noti shi kaɗai yana ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin uku na jan, biyun da ke biye da shi suna ɗauke da yawancin sauran. In aka juya shi cikin wannan matsi, ƙarfe yana gugar ƙarfe, sai zaren ya fara yagewa.

Na biyu, laka da tsatsa. Bol ɗin a fili ya ke, ruwan damina da jar ƙasa suna dukansa shekara da shekaru. Wanda ya tura noti bisa busasshiyar laka, kamar ya zuba yashi cikin dutsen niƙa ne.

Na uku, sifanar da ba ta yi daidai ba. Motocin Japan yawanci kan notinsu milimita 12 ne, ko 14, ko 17, ko 19. Sifana mai buɗaɗɗen baki, ko wadda ta ɗan yi girma, gefe biyu kaɗai ta ke kamawa. In an ɗora mata bututu an danna, sai kusurwoyin notin su goge, ya zama kamar kwabo.

Na huɗu, haɗa bol da notin da ba nasa ba. Bol biyu su kan zama kauri ɗaya amma zarensu dabam. A cikin masu kaurin milimita 12, akwai mai tazarar 1.25 tsakanin zare da zare, wanda motocin Japan suka fi amfani da shi, akwai mai 1.5, akwai kuma mai 1.75. Ban da haka akwai bol na ma'aunin inci, irin na tsofaffin Land Rover: rabin inci milimita 12.7 ne, ido ba ya bambanta shi da 12. Noti zai shiga zagaye ɗaya ko biyu sa'an nan ya cije. Wanda ya tilasta shi ya kashe duka biyun.

Kafin a taɓa sifana

A ajiye mota a wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe, babu kaya, iskar tayoyi daidai. A auna daga tsakiyar ƙafa zuwa bakin jikin mota a sama, dama da hagu, a rubuta. A kuma auna tsawon zaren da ya fito bayan noti, a rubuta shi ma. Sa'an nan a ja birkin hannu, a tare ƙafafun baya da duwatsu, a ɗaga gaba har tayoyi su yi lilo. A ɗora casis bisa ƙafar ƙarfe ko manyan guntayen katako masu ƙwari. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jek kaɗai ke riƙe da ita, kada kuma a dogara ga bulo na siminti, gama ya kan fashe ba sanarwa.

A goge zaren da buroshin waya har ƙarfe ya fito. A jiƙa shi da man kwance tsatsa. In babu, kananzir da aka gauraya da ɗan man inji zai taimaka. A bar shi ya kwana in da hali. Washegari a fara kwance notin kulle, sa'an nan na daidaitawa, da sifana mai zobe ko soket mai kusurwa shida. In ya cije, a mai da shi baya rabin zagaye, a ƙara mai, a sāke gwadawa. Sannu ba ta hana zuwa.

In abin ya riga ya lalace

Idan kan notin ne ya goge, zaren yana da rai, to, a gyara gefe biyu da magagari har ƙaramar sifana ta kama, ko a buga soket da ya ɗan gaza shi da guduma ya zauna, ko a kama shi da filaya mai kulle. Da ya fita, a jefar da shi.

Idan noti yana juyawa ba ya fita ba ya shiga, zare ya tafi ke nan. Sai a fasa notin da cizal, ko a yanke bol ɗin da zarton ƙarfe. Amma a nan ne haɗari ya ke. Ko tayoyi suna lilo, akwai sauran murɗi cikin sandar. Lalle a tokare gajeren hannun da wani jek tukuna, domin in bol ya rabu kada hannun ya fyaɗo ya karya yatsun mai aiki. Bayan an yanke, a sauke jek ɗin a hankali.

Waɗansu su kan hura wa noti wuta don ya saki. Wannan yana aiki, amma da sharaɗi. A duba bututun mai da na birki da ke kusa. Kada harshen wuta ya taɓa sandar ko kaɗan, gama zafi yana kashe ƙarfin sifirin. Bol da notin da suka sha wuta kuma sun gama aiki, ba a mai da su.

Idan zaren da ya cinye yana cikin ramin jikin mota ne, wajen da bol ke shiga kai tsaye babu noti, akwai magani. A kan wanke zaren da ƙarfen yanka zare da a ke kira taf. In ya ci da yawa, a kan ƙara faɗin ramin kaɗan a sa wani naɗaɗɗen zare na waya, irin na Heli-Coil, ramin ya koma girmansa na dā. In kuma akwai fili a baya, a huda ramin ya zarce, a sa bol mai tsawo da noti. Masu injin tana sun san wannan aiki. Amma bol ɗin daidaitawa shi kansa ba a yi masa faci. Kada a yarda a like shi da walda. Kada a cusa waya ko zaren buhu cikin noti don ya kama. Kada a tara washa don noti ya sauka inda zare ya rage. Sabo a ke sawa, bol da noti biyu gaba ɗaya, in ya yiwu dama da hagu duka, gama shekarunsu ɗaya.

Wajen saye

Wanda ƙungiya ta aika Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko wata kasuwar kayan mota, ya tafi da tsohon bol a aljihu. Ya kwantar da shi jikin sabon, zare cikin zare. In iri ɗaya ne, za su zauna lif babu haske tsakani. Noti kuma ya shiga da yatsu har ƙarshe.

Ya dubi kan bol ɗin. Lamba 8.8, ko 10.9, ko 12.9 tana nuna ƙarfin ƙarfen: mai 10.9 ya fi mai 8.8. Kamfanonin Japan su kan sa tasu alama, lamba guda kamar 7 ko 9. Bol mai 4.6, ko wanda babu alama ko kaɗan, na ƙofa ne da amalanke. Mafi kyau shi ne a sami ainihin na motar, sabo, ko na wata mota irinta wanda zarensa ke da kaifi babu tsatsa. Sandar ƙarfe mai zare da magina ke saye a yanka ba ta isa wannan aiki ba. Araha ba ta ado.

Mai da kaya wurinsu

In an cire sandunan, a lura kowace tana da alama a baki, L ta hagu, R ta dama. Ba a musanya su, domin kowace ta saba da murɗewa gefe guda, in an juya ta tana iya karyewa. Kada a kama jikin sanda da filaya ko a buge ta, gama daga ƙaramin rauni tsaga ke farawa.

A shafa wa zaren giris kaɗan. A ɗaura noti har tsawon da aka rubuta, tayoyi na lilo. A sauke mota, a danna gabanta sau da yawa, a tura ta gaba da baya, a sāke aunawa. In da gyara, a sāke ɗagawa kafin a juya. In dama da hagu sun yi daidai, a ɗaure notin kulle. Daga nan a kai ta wurin masu daidaita ƙafafu, gama canjin tsayi yana karkata taya, ta cinye gefe ɗaya kafin lokacinta.

Akwai masu ɗaure bol har ƙarshe don mota ta yi tsayi ta haye ramuka. Wannan ba ya ƙara mata ƙarfin ɗaukar kaya ko buhu ɗaya. Irin waɗannan motoci wajen tan ɗaya aka yi su su ɗauka, watau buhu goma masu kilo 100, kuma sifirin na baya ke ɗauke da yawancinsa. Abin da ɗaurewar ke jawowa shi ne mota ta yi tauri, gaɓoɓin ƙafa su mutu da wuri. In sai an kai noti ƙarshen zare kafin mota ta miƙe, sandar ce ta gaji, a nemi wata.

Abin da kwamiti zai yi

Muna ba kowace ƙungiya mai mota shawara uku. A ajiye littafi cikin motar, a rubuta tsayin gaba da tsawon zaren kowane gefe, da ranar da aka taɓa su da sunan wanda ya taɓa. Ƙarshen kowace damina, kafin a fara jigilar amfanin gona, a wanke ƙarƙashin mota, a goge bol biyun nan a shafa musu giris, a duba har da bol masu kama da baka da ke ɗaure sifirin na baya. Sa'an nan ma'aji ya ware kuɗin bol biyu da notinsu, a saya tun ba a bukata, a naɗe cikin tsumma mai mai a sa a akwatin kayan aiki. Ranar da direba ya ga gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka, kada ya ce bari a kai wannan kaya tukuna. Ya tsaya, ya faɗa wa shugaba, a duba.