Motar da Ba Ta Riƙe Silo: Tsakanin Fatawar Gareji da Gaskiyar Inji

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar mota ya san wannan tashin hankalin. Kana cikin cunkoson Kurna da yamma, ka ɗauko yara daga makaranta, ka taka birki, sai allurar silo ta yi ƙasa, motar ta ɗauki makyarkyata kamar mai zazzaɓi, ta mutu. 'Yan adaidaita sahu na bayanka suna ta danna ham. Ka murɗa makulli ta tashi, ka ɗan matsa, ta sake mutuwa. Wani kuma tasa ba ta mutuwa, sai dai silon ya riƙa hawa da sauka shi kaɗai kamar akwai mai wasa da totur. Washegari ka isa gareji, kafin ka rufe baki mutum uku sun ba ka fatawa uku, kowace da kuɗinta.

Abin da na lura da shi shi ne, yawancin fatawoyin nan ba ƙarya aka ƙirƙira ba. Gaskiya ce ta wani zamani da ya wuce. Iyayen gidan bakanikenmu sun koyi aiki a kan Fijo 504 da 505 da ake haɗawa a Kaduna, motoci masu kafireta, waɗanda sukudireba da kunne mai kyau suka ishe ka ka daidaita su. Motocin da ke ɗaukar iyalanmu yau kuwa, Corolla da Camry da Accord da Golf da Sienna da 406, kwamfuta ce ke tafiyar da injinsu, wadda ake kira birenbos. Ita ke auna iska, ta auna zafi, ta yanke yawan man da za a fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Maganin da ya yi wa 504 aiki, a kan waɗannan sau da yawa shi ne cutar.

Lokacin silo shi ne lokacin da inji ya fi rauni. Totur a rufe yake kusan ruf, iskar da ke shiga 'yar kaɗan ce, injin da ya yi zafi yana juyi wajen 600 zuwa 900 ne kawai a minti. Ga shi kuma yana son awo daidai: kimanin kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na fetur, in an auna da nauyi. Ɗan kuskuren da ba za ka ji shi ba kana gudu a hanyar Zariya, a danja shi zai kashe maka mota. Shi ya sa mota ke iya gudu lafiya lau amma ta kasa tsayuwa.

Fatawa ta farko da za ka ji ita ce a ƙara mata silo. A mota mai kafireta wannan gyara ne. A mota mai injekta rufa-rufa ce. Birenbos na da nata lissafin silon, kuma tana da ɗan bawul ko ɗan injin lantarki da take buɗewa ta rufe don ta riƙe shi. In aka ja wayar totur ko aka murɗa noti aka tilasta silon ya hau, cutar na nan, an dai ƙara shan mai, giya mai canza kanta kuma ta fara fizga duk lokacin da ka saka ta. Abin da ya fi yawan faruwa shi ne baƙin dauɗa ta taru a bakin totur, wanda wasu ke kira bakin injekta, ta toshe 'yar hanyar iskar. Wanki yake so, kuma aiki ne mai araha.

Sai maganar tamostat, wadda ita ce ta fi ci mini rai, don an maimaita ta har ta zama kamar karatu. Ana cewa na ƙasar sanyi ne, a zafinmu cire shi ake yi, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga murɗa makulli. Wannan ba gaskiya ba ne. Motocin da ake sayarwa sababbi fil a Saudiyya da Dubai, inda zafi bai gaza namu ba, da tamostat ɗinsu suke zuwa. Aikinsa shi ne ya tsare ruwa har injin ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 80 zuwa 90, sannan ya buɗe wa ruwan hanya zuwa lagireto. In ka cire shi, injin zai daɗe bai yi ɗumi ba, balle da asubar hunturu. Sansar zafi za ta ci gaba da gaya wa birenbos cewa inji da sanyi, ita kuwa ta ci gaba da ɗaga silo tana zuba mai fiye da ƙima, kamar yadda ake jan cok a tsohuwar mota. Bayan 'yan watanni fulogi ya yi baƙi, hayaƙi ya canza wari, silo ya fara rawa, mai mota kuma ba zai taɓa danganta wannan da ɗan ƙarfen da aka jefar a gareji bara ba. Gaskiyar da ke cikin maganar guda ce: tamostat na iya maƙalewa a rufe ya sa mota zafi. To wanda ya maƙale canza shi ake yi. Kuma mafi yawan zafin motocinmu daga lagireton da ruwan rijiya ya cika da tsatsa yake, ko murfin da ya saki, ko fankar da ta gaji.

Ƙanwar wannan fatawa ita ce ta indomi, tukunyar nan da ke jikin salansa mai tace hayaƙi. Za a ce maka ita ta shaƙe motar, a fasa a cire. Indomi na iya toshewa, ba musu, kuma in ta toshe mota na rasa ƙarfi, ta kasa hawa gada, har ta mutu. Amma ba ta toshewa haka siddan. Inji ne ke aika mata ɗanyen man da bai ƙone ba, ko baƙin man da yake sha, har cikinta ya narke. In aka cire ta ba a gyara mafarin ba, rawar silo na nan inda take. Kuma ya kamata mai mota ya san abin da ke cikinta: ƙarafa ne masu tsada ƙwarai, filatinam da faladiyam da rodiyam, akwai masu sayensu da kuɗi mai kauri. Ba na zargin kowane bakanike, da yawansu masu tsoron Allah ne. Amma duk wanda ya ce a cire, ka tambaye shi da me ya gwada ya gane ta toshe, kuma in an cire ɗin ka karɓi abarka.

Zancen gurɓataccen mai kuwa yana da ƙafa. A watan Fabrairun 2022 hukumomi da kansu suka tabbatar an shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da yadda aka yarda, motoci suka lalace, aka janye man, dogayen layuka suka dawo gidajen mai. Ruwa ma na shiga tankunan ƙasa da damina, man 'yan bumburutu kuma Allah kaɗai ya san jarkar da ya kwana ciki. Sai dai akwai alama mai sauƙi. In mai ne, matsalar za ta fara ne jim kaɗan bayan ka sha man, ta kuma ragu in an zuke shi an zuba mai kyau. Motar da ta yi wata shida tana mutuwa a danja, ta sha mai a gidaje ashirin, ba mai ne ke damunta ba.

Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, da yawanmu da jar wuta muke yawo, lita uku yau, lita huɗu gobe. Ana cewa hakan na sa famfo ya zuƙo dattin ƙasan tanki. Wannan bayanin bai zauna ba, don famfon kullum daga ƙasan tankin yake zuƙa, ko a cike yake ko a rage. Illar tana wani wajen: famfon a cikin man yake nitse, man ne ke sanyaya shi. In man ya yi ƙasa sosai famfon na ɗaukar zafi, a kwana ko gangara kuma ya zuƙi iska, motar ta yi tari. Don haka gargaɗin daidai ne, dalilin da ake bayarwa ne ba daidai ba.

Amma kash, famfon nan ya sha ƙazafi. Motar ƙanwata ta taɓa shiga wannan hali, tana mutuwa da zarar an saka ta a giya. Sau biyu aka canza mata famfo, aka wanke nozul, aka sa sabon fulogi. A ƙarshe wani dattijon rewaya ya sa aka tayar da ita, ya kasa kunne, ya lanƙwasa ƙatuwar tiyon da ke kai iska daga filta zuwa totur. Sai ga tsaga a ƙarƙashin lanƙwasar, inda ido ba ya kaiwa.

"Hajiya, ai ga ɓarawonki nan," in ji shi. "Iska ce ke shiga ta bayan gida, kwamfuta ba ta ƙirga da ita ba."

Da an saka giya injin kan ɗan motsa, tsagar ta buɗe, iska ta yi wa mai yawa, mota ta mutu. Roba ce da ta shekara ashirin tana shan zafi, dole ta bushe. Irin wannan yoyon iska, a tiyo babba ko ƙanana, ko a gaskit, ko a tukunyar birki, yana cikin manyan dalilan silo mai hawa da sauka. Famfo kuwa ana auna ƙarfin turinsa da geji cikin 'yan mintuna, kuma mai rauni ya fi nuna kansa lokacin da ka taka totur ko kake hawa tudu. Akwai ma wata cuta da ake yawan ɗora masa alhali ba tasa ba ce: mota ta yi zafi ta mutu kamar an kashe fitila, ta ƙi tashi, bayan minti ashirin ta huce ta tashi kamar ba komai. Wannan ya fi kama da sansar da ke gaya wa birenbos juyin inji, ko kwayil da ya fara gajiya.

Wasu maganganun kuma gaskiya ne tsantsa, ko da sun yi kama da camfi. Wanda ya ce tun da aka canza masa batir motarsa ta rikice, bai yi ƙarya ba. Birenbos ta daɗe tana koyon yadda za ta riƙe silo duk da dauɗar bakin totur, cire batir ya goge wannan karatun, ta koma lissafin sabuwar mota. A wanke bakin totur, a bar ta ta sake koyo. Wanda ya ce ƙurar hunturu ce, shi ma da gaskiyarsa, musamman in ana ta busa tsohuwar filtar iska da kwamfuresa har ta huje, ƙura ta hau kan siririyar wayar da ke auna iska. Haka mai cewa baƙin mai ne: a injuna masu VVT-i da ire-irensu, mai mai kauri fiye da wanda aka rubuta, ko wanda ya daɗe ba a juye ba, na iya toshe ɗan bawul ɗin da ke sarrafa lokacin buɗe bawuloli, silo ya lalace.

Wutar cek injin fa? "Yallaɓai, ai duk motar Beljiyam haka take, rabu da ita." Wasu har cire ƙwan suke yi kafin su sayar. Motar da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996, da mai fetur ta Turai tun daga 2001, tana da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'ura a karanta ƙorafinta. In wutar na ƙyaftawa, ba a kunne kawai take ba, wata silinda ce ba ta ƙona mai, kuma ci gaba da tuƙi a haka shi ke narka indomi. Sai dai a nan ma wata sabuwar jita-jita ta ɓullo, cewa kwamfuta na faɗar abin da ya lalace. Ba ta faɗa. Lamba take bayarwa. P0171 na nufin iska ta yi wa mai yawa, ba ta ce sansa ce ko famfo ko tiyo ba. P0301 na nufin silinda ta 1 na fashin wuta, saura a gano fulogi ne, kwayil ne, nozul ne ko bawul. Mai na'urar da ya karanta lamba ya tura ka Ƙofar Ruwa ko Panteka sayen kaya nan take, rabin aiki ya yi.

Wanda kuma aka ce masa inji ya gama, sai an sauke ko a sa na gwanjo, ya nemi a auna matsin kowace silinda tukuna. Idan allurar silo na tsaye cak amma jikin motar ne ke girgiza, a duba robobin da inji ke zaune a kansu kafin a taɓa komai.

Akwai nau'i ɗaya da ba na so kowa ya yi wasa da shi: motar da ke mutuwa tana cikin tafiya. Wani lokaci mazaunin makulli ne ya cinye. A 2002 kamfanin Honda ya kira motoci sama da miliyan ɗaya su dawo gyara, har da Accord da Civic na ƙarshen shekarun 1990, saboda wannan. A 2014 General Motors ya kira kimanin miliyan 2.6, aka kuma danganta mutuwar mutum 124 da matsalar, inda nauyin tarin makullai da ɗan gargada kan isa su juya makullin ya kashe inji. Mu kuma ga mu da makullin gida da na shago da na ofis duk a zobe ɗaya suna reto.

In ta mutu maka kana gudu, sitiyari zai yi nauyi amma yana juyawa, sai ka sa ƙarfi. Birki na da sauran taimako na taku ɗaya ko biyu, don haka kada ka yi ta famfa shi, taka ka riƙe. Kada ka mayar da makulli baya gaba ɗaya, sitiyarin zai iya kullewa. Kunna wutar gargaɗi, mayar da giya firi, ka gangara gefen titi. Kafin ka kira bakanike, tuna abu huɗu da zai tambaye ka in ya san aikinsa: injin da zafi ko da sanyi, esi a kunne ko a kashe, nawa ne man da ke tanki, kuma mene ne aikin ƙarshe da aka yi wa motar.