Ko Ka Sani? Jirgin Ƙasan da Ke Tafiya a Kan Tebur

Ko ka san cewa ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo sun kusa kai na gaske tsufa? Tun wajajen 1840 maƙera a Birmingham ta ƙasar Ingila suke ƙera ɗan kan jirgi na tagulla. A zuba masa ruwa, a kunna wuta a ƙarƙashinsa, sai tururi ya tura shi ya bi tsakar ɗaki, babu ko layin dogo. Yana tafe yana ɗigar da ruwa a kan darduma, wani lokaci ma ya kife da wutarsa.

Kamfanin Märklin na garin Göppingen a Jamus ne ya kawo tsari. A bajekolin Leipzig na 1891 ya fito da jirgin da ake murɗa wa makulli kamar agogon da, tare da layin da ake harhaɗawa guntu-guntu. Ya kuma tsayar da faɗin layi, ta yadda taragon da aka saya bana zai hau layin bara. Kamfanin Lionel da aka kafa a Amurka a 1900 ya biyo baya da jiragen lantarki, jiragen Hornby kuma suka fito a Liverpool a 1920.

Ba duka ne na wasa ba. A 1912 kamfanin jiragen ƙasa na Lancashire da Yorkshire ya shimfiɗa ɗan layi a kan tebur don koya wa ma'aikata yadda ake ba jirgi hannu da sauya masa hanya. An yi ta koyarwa da shi har 1995, yanzu kuma yana gidan tarihin jiragen ƙasa da ke York, yana aiki.

Amma a ganina gwanintar gaske tana wurin waɗanda suka ƙi tsayawa a kayan kanti. Duk wanda ya taɓa kallon yaro yana fere kara yana haɗa mota zai gane irin natsuwar da ake nufi. John Ahern, a shekarun 1930, ya gina layinsa mai suna Madder Valley, ya kewaye shi da kogi da tuddai da ƙauyuka da tashar jiragen ruwa, a lokacin da yawancin mutane katako tsurarsa suke ɗora layi a kai.

Sai Roye England, ɗan Ostireliya da ya isa Ingila a 1925. Ya tarar ana rushe tsofaffin gidaje masu rufin ciyawa a yankin Vale of White Horse, wasu kuma ana sauya musu kama, abin ya dame shi ƙwarai. Sai ya shiga bin ƙauyuka yana auna gidaje, yana ɗaukar hotonsu, yana rubuta launin kowane bango. Daga 1931 ya fara gina su da kwali, ya rage girmansu sau 76. Tubali ɗai-ɗai yake zanawa ya shafa masa launi, domin a bangon gaske babu tubali biyu masu launi ɗaya. Ciyawar rufin kuwa da gashin mutum ya fara yin ta. Har cikin ɗakuna akwai kujeru da murhu, ko da yake sai an leƙa ta 'yar taga ake ganinsu. Gini ɗaya kan ci shekaru. Abin da ya fi burge ni shi ne bai ƙawata komai ba: bangon da ya tsage da tsagarsa ya fito, rufin da ya lotsa a lotse ya bar shi.

A 1954 ya kafa gidan tarihi na Pendon a ƙauyen Long Wittenham, inda aka ajiye aikin Ahern ma. Roye England ya rasu a 1995, masu aikin sa kai kuma su ne ke kula da ƙauyen nasa da jiragen da ke ratsa shi har yau.